Filin Iyali: Mene ne a cikin kunun ƴaƴanmu?

  Muna fatan kaka ta iske kowa lafiya. Allah ya sa albarka a cikin abin da aka girbe, waɗanda gonakinsu ba su yi kyau ba kuma ya musanya masu da mafi alheri.

Makonni kaɗan da suka wuce mun je barkar suna a wani ƙauye na dangin mahaifiyarmu, cikin jahar Maraɗi. A ƙofar gidan da muka sauka mun tarar ana ɗora buhunan wake bisa amalanke za a kai kasuwa. A tsakar gida ga gujiya, wadda wasu ke kira gyaɗa, an baza tana shan rana, ga zabi da kaji suna kiwo a gindin rumbu. Gida ne na rufin asiri, ba wanda zai shiga ya ce ana kwana da yunwa a cikinsa. A inuwar danga kuwa wata yarinya da ba ta wuce shekara 7 ba ta ɗora ƙanenta bisa cinya, tana ba shi ruwan hura da ludayi. An ce mana watan yaron 14, amma in ka gan shi sai ka rantse bai kai 8 ba: damtse kamar sillen kara, gashi ya yi ja ya yi laushi, idanu sun faɗa.

Muka ce wa kakarsa: “Inna, wannan maigidan naki lafiya kuwa?”

Ta ce: “Haƙora ne, ɗan nan. Ci kam yana ci, tun safe ba ya rabo da ludayi.”

Tsohuwar ba ƙarya ta yi ba. Cikin yaron a cike yake. Abin da ke cikin ludayin ne bai ishe shi ba, alhali kuwa abin da zai ishe shi yana ƙofar gida ana ɗaure shi da igiya za a sayar. Wannan shi ne dalilin maganarmu ta yau.

Darasin shekarar 2005

Manya daga cikinmu ba su manta da 2005 ba. Damanar 2004 ta tsaya da wuri, fara ta afka wa gonaki, farashin hatsi ya yi tashin da talaka bai iya kamo shi ba. A wannan shekara ƙungiyar likitocin nan na-gari-na-kowa, wato MSF, ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar. Abin da ya ba mutane da yawa mamaki shi ne mafi yawan yaran daga jahar Maraɗi suka fito, ƙasar noma da kasuwanci, wadda ake ɗauka rumbun ƙasa ce. Har ila yau, da shekaru masu albarka suka zo bayan haka, ɗakunan jinyar tamowa ba su rufe ba. Binciken ƙasa na shekarar 2022 ya nuna cewa yara 47 cikin 100 ƴan ƙasa da shekara 5 tsawonsu bai kai na shekarunsu ba, wato sun tsumbure.

Talauci gaskiya ne, fari gaskiya ne, tsadar cimaka ma gaskiya ce, kuma ba mu zo nan domin mu ɗora wa iyaye mata laifin abin da ya fi ƙarfinsu ba. To amma akwai wani kaso na matsalar da ke hannunmu, a cikin tukunya da ƙwarya da aljihun maigida. A kan wannan kaso za mu tsaya.

Ƙaramin ciki, babbar buƙata

Daga haihuwa zuwa wata 6, nonon uwa kaɗai ya ishi jariri ci da sha, ko da a tsakiyar bazara ne, domin fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon ruwa ne. Dakashi, wato nonon farko mai kauri, shi ne rigakafin jariri na farko, bai kamata a matse shi a zubar ba. Zuma kuwa, duk da amfaninta, likitoci sun hana a ba yaro ita kafin ya cika shekara 1, saboda wata ƙwayar cuta da kan ɓoye a cikinta wadda hanjin jariri bai iya yaƙa ba tukuna. Daga wata 6 ne nono ke fara gazawa shi kaɗai, sai a haɗa masa da abinci, a ci gaba da shayarwa har shekara 2. A nan shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muka fi sani da OMS, ta dace da abin da aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ambata na cikar shayarwa shekara biyu.

Masana suna auna ƙarfin da abinci ke ba jiki da ma'aunin da ake kira kalori. Bisa lissafin OMS, yaron da ke shan nono yana buƙatar ƙarin kalori kusan 200 a yini daga abinci tsakanin wata 6 da 8, kusan 300 tsakanin wata 9 da 11, da kusan 550 daga shekara 1 zuwa 2. Cikin yaro mai nauyin kilo 8 kuwa ba ya ɗaukar fiye da rubu'in lita a zama guda, kuma sau da yawa ko hakan ba ya sha. Tsararren kunu irin wanda muka saba damawa, wanda ke zuba daga ludayi kamar ruwa, yana da kalori wajen 40 a kowane mililita 100, alhali nonon uwa yana da kusan 65 zuwa 70. Ashe duk lokacin da kunun nan ya cika cikin yaro har ya rage masa shan nono, mun musanya masa mai ƙarfi da marar ƙarfi ne. Kafin ɗan shekara 1 ya samu kalori 550 daga irin wannan kunu, sai ya sha abin da ya kusa lita ɗaya da rabi a yini, wanda cikinsa ba shi da wurin zuba shi. Ruwan hura da aka tsinka aka ƙara tsinkawa domin ya kai yamma, shi kuma ya fi kunun rauni.

Uwa tana tsinka kunu ne saboda tausayi, domin tana tsoron kada mai kauri ya shaƙe yaro ko ya hana shi bayan gida. Niyyar mai kyau ce, lissafin ne bai fita ba. Gyaran yana da rassa uku: a ƙara wa garin abokan tafiya, a rage ruwa, a ƙara yawan lokutan ci.

Hatsi da abokan tafiyarsa

Hatsi, wato gero, abinci ne mai daraja, kuma ya fi farar shinkafa sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta keɓe shekarar 2023 domin ɗaukaka shi da danginsa. A 2018 an fitar da wani iri mai suna Chakti a Nijar, wanda masu bincike na cibiyar ICRISAT, mai tasha a Sadore kusa da Yamai, suka samar; yana nuna da wuri, kuma ya fi irin da aka saba yawan ƙarfe. Sai dai furotin ɗin hatsi, wato sinadarin da ke gina tsoka, yana da giɓi: wani ɓangare da ake kira lizin ya yi ƙaranci a cikinsa. Wake kuwa yana da lizin mai yawa. In an haɗa su sai kowane ya cike giɓin ɗan'uwansa. Kakanninmu ba su san wannan suna ba, amma sun shuka wake a tsakanin kunyoyin hatsi, sun kuma haɗa su a tukunya.

Ba sabon tunani muke kawowa ba. Tun 1982 aka fara haɗa garin Misola a Fada Ngurma ta Burkina Faso: hatsi kashi 60, waken suya kashi 20, gujiya kashi 10, sauran sukari da ɗan gishiri. Akwai ƙungiyoyin mata da ke haɗa irinsa a ƙasarmu. Wanda ya samu ya saya, madalla. Wanda bai samu ba, ga yadda za a kwatanta a gida da waken da muke nomawa. A auna hatsi awo 6, wake awo 2, gujiya awo 1, da kowane irin kwano ko gwangwani, muddin dai guda ne. A surfa hatsin sama-sama, a wanke, a shanya. A jiƙa waken, a cire ɓawonsa, a shanya ya bushe sarai. A tsince gujiya ɗaya bayan ɗaya, a zubar da duk wadda ta yi fumfuna, ta motse, ko ta canza launi, domin irin wannan tana ɗauke da dafin da ke lahanta hanta, wanda wuta ba ta kashe shi. Sannan a soya kowane daban a busasshiyar tukunya har ya yi ƙamshi ba tare da ya ƙone ba, a haɗa, a kai inji ko a daka, a tankaɗe, a zuba a mazubi mai murfi. A riƙa yin na mako biyu ko uku, saboda man gujiya yana sa gari ya yi ɗaci in ya daɗe.

In an dama, a zuba ƙaramin cokali ɗaya na man gujiya ko man shanu a kwanon yaron. Wannan cokali guda yana da kalori kusan 45, wato ya kai ƙarfin mililita 100 na tsararren kunu, kuma bai ci wuri a cikin yaro ba. Inda babu mai, garin ƙuli-ƙuli ko niƙaƙƙen riɗi ya wadatar. Alamar kunu mai kyau ita ce ya tsaya a cokali in an karkata shi, ya sauko a hankali.

Sirrin garin tsiro

Uwa za ta ce: “To, Malam, mun ji, amma ɗan wata 7 ba ya iya haɗiye abu mai kauri.” Amsar wannan tana cikin rumbu ita ma. In ƙwayar hatsi ta tsira, tana samar da wani sinadari mai narkar da sitaci, irin wanda ke cikin yawun bakinmu. Shi ya sa in uwa ta daɗe tana ba yaro kunu da cokalin da ke shiga bakinsa, sai ta ga kunun ya tsinke da kansa. Garin tsiro yana yin wannan aiki a cikin ƴan mintoci: yana mai da kunu mai kauri ya zama mai ruwa-ruwa ba tare da an ƙara ko ɗigon ruwa ba. Ta haka ana iya zuba gari ninki biyu ko uku na wanda aka saba a cikin ruwa guda, yaron kuma ya sha cikin sauƙi.

Ga yadda ake yin sa. A jiƙa dintsi biyu ko uku na hatsi mai kyau ya kwana. A tsame, a baza bisa tsabtataccen buhu mai danshi a inuwa, a rufe, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma har kwana 2 ko 3, sai an ga tsiro ya fito. A shanya a rana ya bushe ƙarau. A murje a sheƙe, a zubar da saiwoyi da tsiron duka, musamman in dawa ce, domin tsiron dawa yana da guba. Ƙwayar kaɗai ake so. A daka, a tankaɗe, a adana a kwalba. In an zo damu, a sa awo 1 na garin yaro cikin awo 2 na ruwa, a dafa har ya yi kauri kamar talge. A sauke, a bari tururin farko ya wuce, a barbaɗa garin tsiro gwargwadon abin da yatsu uku ke ɗauka sau biyu ko uku, a juya. Nan take za a ga ya saki. A mayar bisa wuta ya tafasa kaɗan domin tsabta, a huce, a ba yaro.

Mun san wasu za su yi ƙyamar abin, saboda sun ji masu dafa giya ma da tsiro suke farawa. A kwantar da hankali. Maye yana samuwa ne in an bar ruwan zaƙi ya kwana yana tsima da yis. Tsirarren hatsin da aka busar aka daka gari ne kawai, kuma kunun da aka dama aka sha nan take babu abin da ya haɗa shi da maye.

Ganye, ƴaƴan itace da abin da ya fito daga dabba

Masana sun kasa abincin yaro gida 8: nonon uwa, hatsi da saiwoyi irin su rogo da dankali, wake da gujiya da riɗi, madara da nono da cuku, nama da kifi, ƙwai, ganyaye da ƴaƴan itace masu bitamin A, sai sauran kayan lambu da ƴaƴan itace. Ana so ɗan wata 6 zuwa shekara 2 ya samu aƙalla 5 daga cikin 8 a kowace rana. Yaron da muka gani a ƙauye yana samun 2, wata rana 3 in an dama hurar da nono. Da an sa masa wake da gujiya a gari, aka barbaɗa garin zogala, ranar kasuwa aka dafa masa ƙwai, da ya kai 5 ba tare da an sayo komai daga kanti ba.

Zogala, kuka, rama, yakuwa, lalo, tafasa, ganyen wake, duk namu ne. A shanya su a inuwa, saboda rana tana cinye bitamin ɗinsu, a daka, a riƙa sa ƙaramin cokali a kunu ko miyar yaro. Kabewa, karas, mangwaro, gwanda da dankali mai jan ciki suna kare ido, suna ƙarfafa jiki wajen yaƙi da cuta. Garin ƴaƴan kuka, wanda yara ke tsotsa suna wasa, yana da bitamin C mai yawa, shi kuwa bitamin C yana taimaka wa hanji ya tsotse ƙarfen da ke cikin hatsi da wake. Shayi akasin haka yake yi, yana hana jiki ɗaukar ƙarfe, don haka mu daina ɗura wa ƙananan yara ragowar shayinmu.

Abin da ya fito daga dabba, ko kaɗan ne, amfaninsa babba ne. Ƙwai guda, ƴar tsokar hanta da aka dafa aka murje, garin busasshen kifi da aka daka aka tankaɗe ƙaya, soyayyar fara da aka cire wa ƙafafu da fukafukai aka daka, in an tabbata ba daga gonar da aka yi wa feshi ta fito ba, da nonon shanu ko na akuya wanda aka tafasa madararsa kafin a kwantar. Maganar da ake yi cewa yaron da ya ci ƙwai zai zama ɓarawo ba ta da tushe a addini, ba ta da shi a likitance. Da damana ƙwan zabi yakan yi yawa har a rasa mai saye, kuma daidai lokacin ne rumbu ke yin ƙasa, zazzaɓi da gudawa ke yawaita, yara ke ramewa.

Ga iyaye maza

Ayar da ta yi maganar shayarwa ita ce kuma ta ɗora ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita a wuyan uban yaro. Saboda haka wannan fili ba na mata kaɗai ba ne. Nijar tana cikin ƙasashen da suka fi noman wake a duniya, ita ce ke bin Nijeriya, amma mafi yawansa fita yake yi. Muna sayar da shi da kaka lokacin da ya fi arha, mu nemi na ci da bazara lokacin da ya fi tsada. Ba mu ce kada a sayar ba, domin akwai bashi, akwai sutura, akwai hidimomi. Muna cewa kafin a ɗaure bakin buhu a fitar da rabon yaro. In an bi awon da muka bayar, tiya kaɗan na wake da na gujiya za su kai ƙaramin yaro watanni. Hausawa sun ce gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa.

Mu kuma duba kanmu da safe da dare. Da yawa daga cikinmu muna zama teburin mai shayi a soya mana ƙwai biyu da burodi, da dare mu tsaya wurin mai tsire, alhali mai goyo a gida tun safe hura ce a cikinta. Wanda ya rage ƙwai ɗaya daga nasa ya kai gida, ya yi sadaka mafi kusa. A akushi ma al'adarmu ita ce tsoka ta maigida ce, romo na yara. Babba ya gama girma. Wanda ƙashinsa da ƙwaƙwalwarsa ke ginuwa yanzu shi ya fi buƙatar tsokar. Abin da yaro ya rasa daga cikin uwa zuwa shekara 2 yana da wuyar ramawa daga baya, kuma yakan biyo shi har aji, har gona.

Sannan a ba yaro kwanonsa shi kaɗai. In an haɗa ɗan wata 15 da yayyensa a kwano guda, kafin ya kai loma uku sun share. A zauna da shi, a lallashe shi, a ba shi sau 2 zuwa 3 a yini daga wata 6, sau 3 zuwa 4 daga wata 9, da ɗan abin taɓawa a tsakani. A wanke hannu da sabulu kafin damu da kafin ba shi, kada kuma a ba shi kunun da ya yini a buɗe. In ba shi da lafiya kada a janye abinci, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, in ya warke a ƙara masa. In kuwa kwanika ta samu, sabon ciki ba ya mai da nono guba. A nemi shawarar ungozoma ta likita, a yaye shi sannu a hankali, maimakon a ɗauke shi rana ɗaya a kai wa kaka yana kuka yana ƙin abinci.

Mutanen birni ma ba su tsira ba. A Yamai da Damagaram da Tawa sau nawa muke ganin yaro yana kuka a miƙa masa biskit da ruwan leda mai zaƙi? Waɗannan suna kashe masa yunwa, su ɓata haƙora, su hana shi cin tuwo, ba su kuma gina komai ba. Shawarar da OMS ta fitar a 2023 ta ce kada a ba ƴan ƙasa da shekara 2 abin sha mai sukari. Kuɗin biskit na mako guda zai sayi ƙwai ko ƙuli-ƙuli. Dunƙulen magi kuma kusan rabinsa gishiri ne. A rage shi a abincin yara, a koma ga daudawa, a tabbata gishirin da ake saye mai iyod ne.

Lokacin da gari ba ya isa

Duk abin da muka faɗa rigakafi ne. In tamowa ta riga ta kama yaro, wurin likita za a nufa. Akwai ɗan ma'aunin damtse mai launi uku da ake ɗaura wa yaro daga wata 6 zuwa shekara 5: in ya nuna kore, wato milimita 125 zuwa sama, lafiya, rawaya, tsakanin 115 da 125, a kai shi a duba, ja, ƙasa da 115, a kai shi ranar nan. A yankin Mirriya na jahar Damagaram ne ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN suka gwada koya wa iyaye mata yin awon da kansu, aka ga sun iya, aka kuma riƙa gano yara da wuri. Kowace uwa ta tambayi ma'aikatan lafiya na kusa da ita su nuna mata. Haka kuma a danna bayan ƙafafun yaro biyu da babban yatsa a ƙirga uku. In wurin ya lotsa bai taso ba, kumburin tamowa ne, ba ƙiba ba ce, kuma ba a kwana da shi a gida.

Ledar Plumpy'Nut da ake ba masu tamowa mai tsanani, wadda aka ƙirƙiro a Faransa a 1996, tana da nauyin giram 92 da kalori 500. Magani ce ta yaron da aka rubuta wa. Raba ta ga yayyensa ko kai ta kasuwa cin amana ne. Abin lura kuma shi ne ginshiƙinta gujiya ce, da madara da mai da sukari da bitamin. Gujiyar da muke bazawa a tsakar gida ita ce aka sarrafa aka ceto dubban yara da ita.

Kafin mu baro ƙauyen nan mun roƙi kawunmu ya bari a kai yaron likita, ya kuma yarda. Ma'aunin ya nuna rawaya. Da muka zauna da shi da dare muka yi masa lissafin da muka yi maku a sama, sai ya yi shiru, can ya ce: “Ashe buhun da na ɗora ɗazu har da na bakin yaron nan a ciki.” Washegari ya auno wake da gujiya daga abin da ya rage ya miƙa wa uwar yaron, kakar kuma ta ce ita za ta kula da tsiron, tun da aikin haƙuri ne.

Muna roƙon kowane mai karatu ya yi abu guda a wannan mako: ya leƙa kwanon ƙaramin gidansa, ya karkata cokali ya ga ko kunun yana tsayawa, ya ƙirga gida nawa cikin 8 yaron ya samu a yinin. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, malamai mata kuma su kai maganar makarantun islamiyya da wuraren suna. A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu duba cimakar mai ciki da mai jego. Allah ya raya mana zuriya, ya ba su lafiya da ilimi mai amfani, ya hore mana abin ciyar da su na halal.